Yadda "da sauƙi" ta kusa cin idona na dama a Kairo

Tunda na dawo wayata ba ta huta ba. Wannan ta ce Safiyya ya Masar, waccan ta ce an ce har an kusa ƙwaƙule miki ido, wata ma kiran ƙanwata ta yi tana tambaya wai da gaske ne an sa min idon akuya. To ku zauna, sau ɗaya zan ba da labarin nan, duk wadda ta sake tambaya wannan zan turo mata. In kun ga kuskure a rubutun ku yi haƙuri, harafi ɗaya a wayata yanzu ya kai ƙwallon dabino girma, kuma kaɗan-kaɗan nake rubutawa ina hutar da ido.

Ga waɗanda ba su san farkon abin ba. Kun dai san ni da canza gilashi kamar mai canza mayafi. A yanka min sabo, kafin a jima ya daina aiki. Fitilar mota in ta taho sai in gan ta da jela da 'ya'ya. Jinjirin watan sallah kowa na wahalar neman guda ɗaya, ni sai in ga nawa a jere kamar an shanya su. Ga shi atamfa da leshi nake sayarwa ta waya, ido ne jarina. Ranar da na aika wa wata amarya leshi mai fure a maimakon mai ganye, ta kira ni ta wanke ni tas, ranar na san abin ya wuce wasa.

Wani likitan ido a nan Kano ne ya gano. Ya ce sunan abin keratokonus. Wai akwai wani siririn gilashi da Allah ya rufe baƙin ido da shi, kamata ya yi ya zauna a zagaye kamar bayan cokali. To nawa sirancewa yake yi, yana turowa gaba, yana tsini kamar malfa. Murza ido na ƙara lalata shi, ni kuwa tun ina firamare nake murzar ido kamar mai wankin kayan makaranta. Ya ce na dama gudu yake yi. Akwai aikin da ake yi a tsayar da shi, ba wai ya dawo sabo ba, a dai hana shi ci gaba. In aka bar shi kuma ƙarshenta sai an dasa min na wani.

Abba ya ce Kairo za a je, saboda akwai mai hanya a gida, wato Gwaggo Ladidi, yayarsa ta Gwammaja. Wasunku sun san ta. Shekara da shekaru tana saro kaya a Jidda, Larabcin kasuwa a bakinta kamar ruwa, kuma ba za ka zauna da ita ba ta tuna maka kakanta daga Turabulus ya zo a kan raƙumi ba.

Rigimarmu ta farko tun a filin jirgin Kano ne. Akwatina ɗaya. Na Gwaggo aka ɗora a sikeli, sikelin ya kusa neman taimako. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, man shanu, garin tuwo.

Na ce, "Gwaggo asibiti fa za mu, ba biki ba."

Ta ce, "Ke yarinya ce. Da bakinki za ki roƙe ni."

Umma ta rako mu. Ba ta yi kuka ba, sai gyara min mayafi take yi, ta gyara ta sake gyarawa, har aka kira mu.

Hawana jirgi na farko kenan. Ni na riƙe hannun kujera ina karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa, Gwaggo kuwa kafin jirgi ya bar ƙasa ta fara minshari. An ba ni kujerar taga, amma asara ce, don da muka zo sauka abin da na gani kawai fitilu ne masu jela sun cika duniya.

A wajen buga fasfo jami'in ya ce in cire gilashi in kalli kyamara. Na cire, sai ga kyamarori a gabana sun yi 'ya'ya. Na zaɓi ɗaya na zuba mata ido. Ya ce a'a, nan. Na koma wata. Ya sake cewa nan. Sai da Gwaggo ta kamo haɓata ta juya min kai kamar mai saita fanka, tana ce masa ai maganin abin muka zo nema. Ya yi dariya ya buga.

Masu duba kaya su ne suka sha. Wani dogo mai gashin baki ya buɗe akwatin Gwaggo, hannunsa ya faɗa kan ƙullin daddawa, ya kwance. Wallahi sai da ya ja baya taku biyu. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna ya toshe hanci, suka hau tambayar Gwaggo ko wani abu ne ya mutu a ciki. Gwaggo ta ce kayan miya ne. Ba su yarda ba. Sai ta gutsura ta jefa a baki tana kallonsu ido cikin ido, tana taunawa. Dogon ya rufe akwatin da kansa yana cewa yalla yalla. Sauran kayan ko kallonsu ba su yi ba.

Masu adaidaita na Kano, ina neman yafiyarku. Duk zagin da na taɓa yi muku a Ƙofar Ɗan Agundi na janye. Ku malamai ne. Direban Kairo da hon yake gaisuwa, da hon yake zagi, da hon yake ba da haƙuri, kuma layin da aka zana a titi ado ne kawai. Namu yana tuƙi, yana shan shayi, yana juyowa baya yana tambayarmu ƙwallon Najeriya.

Masaukinmu wani tsohon bene ne, lif ɗinsa keji ne na ƙarfe, sai ka ja ƙofa da hannu, in ya tashi yana kuka kamar a ce masa sannu. Mai gidan wata dattijuwa ce, Ummu Tarik, ƙofarta na kallon tamu. Tana ganinmu ta rungume mu, ta sumbaci wannan kunci ta sumbaci wancan. Gwaggo ta yi mata gaisuwa irin ta mutunci, ya gida ya jiki. Ai kuwa sai matar nan ta ja kujera. Gwiwa ta hana ta barci. Baya kamar an sara. Suga ya hau. Haƙorin nan na ƙasa yana girgiɗa, har ta buɗe baki ta nuna mana. Surukinta kuma ba ya ganin girmanta. Gwaggo na fassara min tana ƙara tsuke fuska.

Da ta fita Gwaggo ta ce, "Ke kin ga mata? Daga gaisuwa sai ta zazzage mana ciwonta kaf. Mutanen nan ba su da dauriya ko ta sisi."

Abin da ya burge ni a unguwar shi ne kwandon igiya. Mace tana hawa na sama, ba za ta sauko ba. Sai ta leƙo ta taga ta ƙwala wa mai shago kira, ta zuro kwando da igiya, ya zuba mata burodi da tumatir, ta janye abinta. Na ce da za a kawo wannan unguwarmu Yakasai da yara sun huta da aike. Gwaggo ta ce a Yakasai kafin kwandon ya kai ƙasa akuya ta cinye igiyar.

Abinci kuwa, wake da safe, wake da rana. Akwai wani da suke ji da shi, koshari, shinkafa da taliya da makaroni da wasu ƙananan wake duk a kwano ɗaya, a zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa. Kamar garau-garau ce ta je makaranta. Ni ya yi min. Amma ranar da Ummu Tarik ta kawo mana wata koriyar miya mai yauƙi tana ta yabonta, Gwaggo ta ɗaga cokali ta ce, "Wannan ai lalo ne. To ina tuwon?" Babu tuwo. Da burodi ake ci. Gwaggo ta daɗe tana jimamin mutanen da Allah ya ba miyar lalo ya hana su tuwo.

A asibitin ma haka. Ɗakin jira kamar kasuwar Kurmi. Wani dattijo ya dafe ido yana kiran sunan Allah da ƙarfi, matarsa na faɗa da nas, kowa na ba kowa labarin ciwonsa. Mu biyu muka zauna tsit kamar baƙin amarya. Aka sa ni a wata na'ura ta zana taswirar idona, launi-launi kamar atamfa, tsakiya ja wur. Likitar mace ce, gajeriya, mai saurin magana, da Turanci muke yi. Ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce zai yi ciwo sosai a kwanakin farko. Ta ce wasu kan ga hazo-hazo na ɗan lokaci. Ta ce wani sa'in, ba kasafai ba, ƙwayar cuta kan shiga kafin wurin ya rufe, kuma wannan shi ne abin tsoro. In ciwo ya lafa ya dawo, ko ya ƙi lafawa, kar in jira, in kira. Na ce to. Na ji ta sarai, amma hankalina na kan abin da za a yi min gobe.

Aikin kansa ba abin tsoro ba ne, ku daina zuzuta shi. Idonka biyu ake yi. A ɗiga maganin kashe zafi, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido kar ka ƙifta, a kankare saman gilashin nan kaɗan. Ba zafi, sai dai kana ganin abu na wucewa kamar ana goge gilashin mota kana ciki. Sai a yi ta ɗiga wani ruwa rawaya kamar an jiƙa gangamau, sannan a haska maka wata shuɗiyar fitila ka yi ta kallo. Da aka gama aka ɗora min wata 'yar leda mai laushi kamar ɓawon albasa, lens suke ce mata, wai ta rufe wurin kamar bandeji. Aka ba ni baƙin gilashi da magungunan ɗigawa. Ba ruwa, ba murza, ba kwalli. Na fito ina cewa Gwaggo ashe abin ma wasa ne.

Kafin mu kai gida maganin ya sake ni. Jama'a. Ku ɗauki yajin Gwaggo ku haɗa da yashi ku zuba a ido, sannan a ce kar ku taɓa. Haske ko na ƙasan ƙofa ne sai in ji kamar allura. Gwaggo ta rufe labulaye, ta karɓe wayata ta jefa a jakarta. Washegari muka koma aka duba aka ce komai lafiya, mu dawo bayan hutun ƙarshen mako a cire ledar. Kafin nan nas za ta riƙa kira kullum da safe ta ji ya ake ciki. Lambar tawa ce, wayar kuma tana hannun Gwaggo.

To ga inda abin ya faru, kuma duk wadda ta tashi a Kano za ta gane. Waya ta yi ƙara. Gwaggo ta ɗauka, ta matso bakin gado.

"Safiyya, ya idon?"

"Da sauƙi, Gwaggo."

Sai ta juya ga waya, "Alhamdulillah, kwayyis, kwayyis." Wato lafiya lau.

Ku gaya min, akwai wadda ta taɓa zuwa dubiya a garin nan aka ce mata ciwo ya ƙaru? Kakanmu ranar da zai rasu ma da aka ce Malam ya jiki, da sauƙi ya ce. Babba ta tsaya a kanka ta ce ya jiki, bakinka da kansa yake ba da amsa kafin kai ka yi tunani. Kuma da farko gaskiya ne, ya ɗan lafa, har na ci abinci na yi hira. Sai ya dawo, kuma ba irin na farko ba. Na farko a sama yake, yaji-yaji. Wannan daga ciki yake bugawa, dum dum, har gefen kaina. Fatar idon ta kumbura, in na farka kwantsa ta liƙe shi.

Na ce a hankali, "Gwaggo, kamar fa ƙaruwa yake."

Ta ce, "Kul! Kar ki yi wa kanki mugun baki. Ciwo in zai tafi haka yake yi, sallama yake miki. Ba ki ji likita ta ce zai yi zafi ba?"

Da nas ta sake kira ina jin muryarta ta cikin wayar tana tambaya ɗaya bayan ɗaya, akwai zafi, akwai ja, akwai ruwa. Gwaggo na cewa kaɗan-kaɗan, alhamdulillah. Ba mugunta ba ce, ku fahimce ni. Ita ta ce wa Abba ya ba ta ni amana za ta dawo da ni da ido biyu. A wajenta faɗin abin da baki kamar buɗe masa ƙofa ne. Ina jin ta tana ta addu'a a kan sallaya tana ambaton sunana.

Ranar Alhamis da rana Ummu Tarik ta shigo da kwanon miya. Ta tambaye ni ya ido, na ce alhamdulillah. Ta sunkuyo ta kalle ni a duhun nan ta ce wani abu. Na ce Gwaggo me ta ce? Gwaggo ta ce, "Rabu da ita. Wai bakinki ne ya ce alhamdulillah, fuskarki ba ta ce ba." Daga nan matar ta koma kan gwiwarta, yau ma ba ta yi barci ba, ta je wajen likita ta yi masa tas ya canza mata magani.

Ina kwance ina jin ta sai na ce a raina, matar nan dai shiru ba zai taɓa kashe ta ba. Ni kuma na taso tun daga Kano, an sha wahala an kawo ni, ina kwance ina yi wa ciwo kara.

Gwaggo na tayar da sallar azahar na miƙa hannu na jawo jakarta, na ciro wayata. Hasken kamar an watsa min ruwan zafi. Na daure na ɗaga fatar idon da ɗan yatsa ta sama, na ɗauki hoto, na kawo wayar dab da hancina, na buɗe hoton da idon hagu na ƙara masa girma. Ga shi nan. Wani farin ɗigo a kan baƙin idona, kamar ƙwayar gero. Na tura wa lambar asibitin, na rubuta, ciwo ƙaruwa yake tun jiya, ba sauƙi, ga hoto.

Gwaggo ta sallame ta gan ni da waya. Na nuna mata.

Ta ce, "Kwantsa ce. Kawo in goge miki." Har ta kamo gefen mayafinta.

Na ce, "Gwaggo kar ki taɓa!"

Tunda nake ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta tsaya da mayafi a hannu tana kallona, ni ma ina kallonta da ido ɗaya. Ban san me za ta ce ba, don wayar ta riga ta. Ba nas ba ce, likitar ce da kanta. Ta ce ki taho yanzu. Ba anjima ba, ba gobe ba, yanzu. Sai a lokacin na tuna su Juma'a da Asabar ne hutunsu. Da na ƙara yin kawaici na yini ɗaya, sai Lahadi.

Ummu Tarik na jin hayaniya ta fito da rigar zaman gida da silifas. Ba ta tambayi kowa ba, ta riga mu sauka, ta shiga tsakiyar titi ta ware hannu ta tsayar da tasi, ta tura mu baya ta shige gaba. Tun daga nan har asibiti masifa take yi wa direban, shi kuma yana ramawa da hon. Ranar na gode wa Allah da tuƙin Kairo.

Likitar ta cire ledar, ta sa haɓata a na'ura ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Mai saurin magana in ta yi shiru, ai ka san da matsala. Ta ce ƙwayar cuta ce ta shiga ta inda aka kankare. Ta ɗan karci wurin a kai gwaji. Sannan ta juyo ta ce tun yaushe?

Gwaggo ta fara, "Alhamdulillah, ai..."

Likitar ta ɗaga mata hannu. Da Larabci ta yi maganar, a hankali, har ni da Larabcin Islamiyya na tsinci rabi, sauran Gwaggo ce ta faɗa min daga baya da bakinta. Ta ce, "Hajiya, mu ma muna cewa alhamdulillah. Amma in mun gama sai mu faɗi inda ke ciwo."

Ta zana min a takarda. Ga tsakiyar da nake gani ta ciki, ga ɗigon a gefenta, ya kusa taɓawa. In ya shiga tsakiya, ko ya ci ya yi zurfi, gilashin nawa da ma siriri ne, zai iya hujewa, sai dai dashe, shi ma in an yi sa'a. Na ce za a ceto shi? Ta ce ba za ta yi min alƙawari ba. Ta haɗa wasu magunguna masu ƙarfi, a ɗiga kowace awa, dare da rana, ba fashi. Kuma kullum in zo ta gani, har Juma'ar za ta buɗe saboda ni.

A tasi Gwaggo ta kau da kai tana kallon taga. Na ɗauka fushi take da ni. Da muka shiga ɗaki ta ajiye jaka ta ce, "Nuna min yadda ake saita ƙararrawar nan ta waya."

Daga ranar Gwaggo ta zama soja. Matar da jirgi bai hana ta minshari ba, ita ce kafin ƙararrawa ta buga ta wanke hannu tana tsaye a kaina da kwalba. Kuma ta daina ce min ya jiki. Sabuwar tambayarta ita ce, "Ya fi na ɗazu ko bai kai ba? Kuma in kika yi min ƙarya Allah ya isa." Ni ma sai da na koya. Wallahi da wuya, ka kalli babba ka ce mata ya fi na ɗazu.

A wajen likita kuwa ta zarce Ummu Tarik. Kafin a tambaye ni ta fara. Ta yi hawaye da safe. Ta dafe kai bayan la'asar. Kwantsar yau ta fi ta jiya fari. Ta yi tsaki. Likitar na rubutawa tana danne dariya. Ana nan ana nan rannan sai na ji Gwaggo ta ƙara da cewa ita ma fa gwiwarta ta hagu ta shekara tana damunta. Na ce, "Gwaggo likitar ido ce fa." Ta ce, "To ba ta da ƙawa mai gwiwa?" Kuma tana da ita. Har yanzu maganin take sha.

Gida ma "da sauƙi" aka yi ta aika musu. Na ce wannan ma ya isa. Na yi wa Umma saƙon murya na faɗa mata komai, ɗigon, hujewa, dashe, rashin alƙawarin likita. Na ga alamar ta saurara. Ba ta amsa ba sai can, ta turo kalma biyu, Allah na nan. Ina jin daga nan ne labarin idon akuya ya samo asali, don kafin magana ta zagaya Yakasai ta dawo ai ta yi 'ya'ya.

Dole aka ɗaga ranar dawowa, muka je ofishin ƙara wa'adin zama, layi har waje, aka ɗauke ni hoto da ido ɗaya a kumbure kamar wadda ta sha dambe. Kar wadda ta ce in turo. Kuma e, da bakina na roƙi tuwo. Gwaggo ta sa na maimaita roƙon da ƙarfi kafin ta ɗora tukunya. Ƙamshin daddawa ya bi ta ramin lif ya gauraye benen, maƙwabta suka fara ƙwanƙwasa ƙofa suna tambaya ko bututu ne ya fashe. Ummu Tarik ta ɗanɗana miyar kuka ta yamutsa fuska, ta sake ɗanɗanawa, ta tafi ta dawo da burodinta.

Kwanakin farko ɗigon bai ragu ba, bai ƙaru ba. Likitar ta ce hakan ma nasara ce. Sai rannan ta leƙa na'ura ta ɗago da saurin maganarta ta dā, ta ce ya fara ja da baya. Gwaggo ta ce a maimaita mata da Larabci. Aka maimaita. Ta fita waje wai za ta nemo ruwa, ta daɗe ba ta dawo ba.

Masu tambayar ko na je wajen manyan gine-ginen Fir'auna, ban je ba. Na hango kan guda ɗaya ta tagar tasi da baƙin gilashi, ya ishe ni.

Ga yadda ake ciki. Ciwon ya mutu, amma ya bar tabo, kuma tabon zama zai yi. Allah ya sa a gefe ya tsaya. Ko aikin ya tsayar da tsinin, sai nan da wasu watanni za a auna a gani, likitar dai tana da ƙarfin gwiwa. Daga baya za a gwada min lens mai tauri don ganin ya ƙara kyau. Na hagu ana sa masa ido, in ya fara gudu shi ma za a yi masa. Wata ta tambaye ni wai bayan duk wannan zan yarda a sake? Zan yarda mana. Gobe ma in aka ce in zo zan je. Wayata ce dai ba mai karɓa. Kuma don Allah duk mai yaron da ke yawan murza ido, gilashi na ƙin zama masa, a kai shi a duba.

Da muka sauka Kano gidanmu cike yake da mata, har zaure. Ana ta sannu da hanya, ana leƙen fuskata a ga ko idon na nan. Umma ba ta bari na zauna ba. Ta kamo hannuna ta ja ni ɗakinta ta tura ƙofa. Ta cire min baƙin gilashin da kanta, ta juya ni wajen taga, ta sa tafin hannunta ta rufe min idon hagu ruf.

Ta ce, "Me kike gani?"

Na buɗe na daman. Akwai ɗan hazo ta gefe kamar tururin tukunya. Amma ga ta nan, ga ɗankwalinta, ga idanunta.

Na ce, "Umma kin rame. Ji ƙashin wuyanki duk ya fito."

Ta sauke hannunta daga fuskata, ta ɗaka min duka a kafaɗa.

Ta ce, "Ido ya dawo, rashin kunya ta dawo. Wuce ki je ki gaida mutane."